Babi na Shida: Sandar Sitiyari

A babin da ya gabata mun yi bayanin birki, wanda shi ne ke tsayar da mota in bukatar tsayawa ta zo. A wannan babi kuwa, in Allah ya yarda, za mu juya ga abin da ke bi da ita inda ake nufi, domin duk dabbar da ɗan Adam ya taɓa hawa, tun daga jakin kai taki gona har ya zuwa ingarman sarki da raƙumin Azbinawa, bai amince ya ɗare bayanta ba sai da ya tanadi abin da zai mallaki kanta da shi, ko sanda, ko linzami, ko akala. To, ita ma mota haka al'amarinta yake. Sai dai in ka shiga tasha ka tambayi jama'a ina linzamin mota, galibinsu za su nuna maka gewayayyen abin nan da direba ke riƙewa, wanda muke kira sitiyari, alhali kuwa shi sitiyari mariƙi ne kawai, kamar yadda ƙota take ga gatari. A ƙarƙashinsa akwai wata sanda ta ƙarfe, wadda aka zura cikin bututu, aka kuma lulluɓe da murfin roba, ta gangara ta saman gwiwoyin direba, ta huda bangon da ya raba mazaunin mutane da ɗakin inji, ta tafi ta isar da umarnin hannu ga tayoyin gaba. Wannan ita ce sandar sitiyari, kuma ina fata kafin mai karatu ya kai ƙarshen babin nan zai yarda da ni cewa, a cikin ƙarafan mota duka, da wuya a sami wanda ran direba ya rataya a kansa kamar wannan.

Yadda take aiki

Aikinta na asali guda ne, shi ne ta ɗauki murɗawar hannun direba ta kai ƙasa, ba ragi, ba jinkiri. A mafi yawan ƙananan motocin zamanin nan, ƙarshen sandar yana ɗauke da wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai haƙora, wanda ke zaune bisa wata doguwar sanda, ita ma mai haƙora, da ke kwance a gicciye tsakanin tayoyin gaba biyu. Da zarar dunƙulen ya juya, sai haƙoransa su tura kwantacciyar sandar nan dama ko hagu, ita kuma ta ja ƙananan sandunan da ke ɗaure da tayoyi, tayoyi su karkata. A manyan motoci kuwa, irin su tirela da gingimari, sandar tana faɗawa ne cikin wani akwatin ƙarfe mai zare a ciki irin na noti, zaren ya motsa wani hannu, hannun ya ja tayoyi.

Hikimar waɗannan haƙora ita ce musayar nisa da ƙarfi. Direba yakan murɗa sitiyari kamar zagaye uku kafin tayoyi su tashi daga iyakar dama su kai iyakar hagu, alhali su tayoyin, duk karkatar da suka yi ba ta cika rubu'in da'ira ba. Hannu ya yi doguwar tafiya mai sauƙi, taya ta yi gajeriya mai ƙarfi, da haka ne mutum mai raunin damtse ke sarrafa abin da ya fi tan guda nauyi. Bayan wannan kuma, sandar manzo ce mai kai saƙo ta komo da amsa, domin ta cikinta ne tafin direba ke jin labarin hanya, ya san nan rami ne, nan yashi, nan santsi, ya kuma gane cewa taya ta fara sacewa tun kafin yaron mota ya leƙa ya gani. Tsofaffin direbobin da suka ci ƙuruciyarsu a hanyoyin burji sun san wannan fiye da kowa.

Asalinta

Motocin farko ba su da gewayayyen sitiyari. Wadda Karl Benz ya ƙera a birnin Mannheim na ƙasar Jamus, ya sami takardar mallakar fasaharta a 1886, mai ƙafa uku ce, kuma da wani ɗan hannu ake karkata tayar gabanta, kwatankwacin yadda ake sarrafa jirgin ruwa. Wannan ya wadatar muddin tafiyar ba ta wuce sassarfar doki ba. Amma da inji ya ƙara ƙarfi, sai ya zamana duk dutsen da taya ta taka yana iya fizge hannun daga mariƙinsa. A cikin watan Yuli na 1894, a gasar motocin da aka yi daga Paris zuwa Rouen a ƙasar Faransa, wani mai suna Alfred Vacheron ya shigo da mota ƙirar Panhard wadda ya sanya wa gewayayyen sitiyari, kuma zuwa 1898 kamfanin Panhard et Levassor ya mai da shi al'ada a motocinsa. Sauran maƙera suka bi sahu, aka kwantar da sandar ta fuskanci direba don hannu ya kai gare ta ba wahala. Da Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908 da sitiyari a gefen hagu, ya kuma sayar da miliyoyinta, sai wannan tsari ya kafu a Amurka, yayin da Ingila da galibin ƙasashen da ta mallaka suka riƙe nasu a gefen dama.

Mashi a gaban ƙirji

Daga fitowar gewayayyen sitiyari har kusan shekara saba'in, sandar sitiyari a galibin motoci ƙarfe ne guda miƙaƙƙe, wanda ya taso daga akwatin haƙora, da akan girke can gaba kusa da goshin mota, ya zo ya tsaya daidai ƙahon zuciyar direba. Ya kai mai karatu, tsaya ka auna abin da zai faru in irin wannan mota ta yi karo gaba da gaba. Goshinta zai lotsa, akwatin haƙora ya komo baya, sandar ta taso cikin ɗaki. A daidai wannan lokaci kuma jikin direba, wanda ba abin da ya tsayar da shi, yana ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi kafin ta tsaya. Masana lissafi sun tabbatar cewa wanda ya daki abu a gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin da ya kusa mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Sai ƙirji yana zuwa, ƙarfe yana tahowa, su haɗu a tsakiya, haƙarƙari ya karye, huhu ya huje, wani lokaci ma babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ta yage, rai ya yi halinsa tun kafin masu agaji su iso.

Maƙeran wancan zamani kuwa ado ya fi damunsu, har sukan sanya wa tsakiyar sitiyari wani tsini mai ƙyalli kamar kan harsashi. A watan Nuwamba na 1954, shahararren mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Sammy Davis Jr., ya yi hatsari a jihar Kalifoniya cikin motarsa Cadillac, fuskarsa ta daki irin wannan tsini, ya rasa idonsa na hagu. Nasa labarin ya bazu ne saboda sunansa, amma dubban da ba a san sunayensu ba sun rasa abin da ya fi ido. Duk da haka, ra'ayin da ya rinjaya a lokacin shi ne hatsari laifin direba ne, ko gudu, ko maye, ko gyangyaɗi, saboda haka wa'azi ake yi wa direba, ita mota ba a tuhumarta da kome.

Wanda ya fara rushe wannan fahimta da hujja wani Ba'amurke ne mai suna Hugh DeHaven, wanda a 1917, yana koyon tuƙin jirgin sama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirginsa ya yi karo da wani a sararin sama, Allah ya yi da sauran kwanansa. Yana kwance a asibiti ya yi ta tunanin dalilin da ya sa wani ke mutuwa wani ke tsira a hatsari guda, kuma wannan tunani ya zama aikin rayuwarsa, har ya kafa sashen binciken raunukan hatsari a makarantar likitanci ta Jami'ar Cornell a 1942. Abin da tahƙiƙinsa ya nuna shi ne kowane hatsari karo biyu ne: na farko tsakanin mota da abin da ta daka, na biyu tsakanin mutum da cikin motarsa, kuma na biyun ne ke kisa. Ya nuna cewa jikin ɗan Adam yana iya jure bugu mai tsanani in an baza bugun a faɗin jiki, aka kuma ja lokacinsa ko da ɗan kaɗan ne. Wannan mas'ala kuwa duk macen da ta taɓa jera ƙwan zabi cikin ƙwarya ta zuba ƙaiƙayi a tsakani kafin ta ɗauka zuwa kasuwa ta san ta a aikace, ko da ba ta san sunanta a littafi ba.

A Jamus ma akwai wani injiniya haifaffen ƙasar Ostiriya, Béla Barényi, wanda ya yi aiki da kamfanin Daimler-Benz, ya kuma bar fasahohi sama da dubu biyu da aka rubuta da sunansa. Shi ne ya tsara cewa a bar goshin mota da bayanta su lotsa su shanye bugu, a ƙarfafa ɗakin mutane, kuma ya daɗe yana ijtihadi a kan yadda za a raba sandar sitiyari da ɗabi'ar mashi. A Amurka, kamfanin Ford ya gwada a 1956, ya fito da sitiyari mai zurfin tsakiya kamar akushi, don ƙirji ya fara tarar da gewayen kafin ya kai ga bakin sanda. Sai dai gyaran bai game ko'ina ba sai da hukuma ta sa hannu. A 1965 wani matashin lauya, Ralph Nader, ya wallafa littafinsa mai suna Unsafe at Any Speed, wanda ya tuhumi maƙeran motoci da fifita ado da riba a kan rayuka. A 1966 waɗanda suka mutu a hanyoyin Amurka suka haura 50,000. Ranar 9 ga Satumba na shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu a kan dokar da ta ba gwamnati ikon gindaya wa maƙera sharuɗɗa. Kamfanin General Motors ya sanya sanda mai shanye bugu, ƙirar masana'antarsa ta garin Saginaw, a motocinsa na 1967, sannan daga 1 ga Janairu 1968 abin ya zama wajibi a kan kowa. Daga cikin sharuɗɗan akwai cewa in aka buga mota da bango a gudun mil 30, wato kilomita 48 a awa, kada sandar ta shigo ɗaki fiye da inci 5. Da hukumar kula da lafiyar hanya ta ƙasar ta yi bitar sakamakon a 1981, sai ta samu cewa wannan gyara ya rage haɗarin mutuwar direba a karon gaba da kashi 12 cikin 100.

Ƙarfin da ya san inda zai sassauta

Yanzu sai mu duba yadda aka warware mas'alar, domin a nan ne fa'idar babin take. Abin da ake nema ga sandar abu biyu ne masu kama da kishiyoyin juna: in an murɗa ta, ta tsaya ƙyam kada ta ba da kai ko kaɗan, in kuwa an danno ta daga gaba ko daga baya da ƙarfin da ya wuce kima, ta sallama nan take. Yaya za a haɗa taurin kai da biyayya a ƙarfe guda?

Amsar tana nan a jikin takobi da kubensa. In ka zura rabin takobi cikin kube ka murɗa ƙotar, kuben zai juya tare da shi tilas, saboda dukansu masu faɗi ne. Amma in ka danna shi, sai ya shige ciki salin alin. Haka aka yi wa sandar sitiyari. An raba ta biyu, aka shafe gefunan ɗaya, aka zura ta cikin ɗayar, sannan aka riƙe su da 'yan ƙusoshin roba masu tauri waɗanda suka isa su hana kaɗawa a tafiyar yau da kullum, amma in bugu ya kai wani haddi sai su tsinke, sanda ta shige cikin 'yar'uwarta, tsawonta ya ragu.

Bututun da ya lulluɓe ta shi ma an ba shi nasa aikin. A ƙirar farko ta 1967 an huda wani sashe nasa ya zama kamar raga, in ƙirji ya danno sitiyari sai ragar ta naɗe kamar zugazugin maƙeri, tana shanye ƙarfin bugun a hankali. Daga baya aka koma ga bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, da 'yan ƙwallayen ƙarfe matse a tsakaninsu, waɗanda in an danna sukan tafi suna tsaga jikin bututun kamar yadda garma ke tsaga ƙasa, kuma duk ƙarfin da ya tafi wajen wannan tsaga, ƙirjin direba ya huta da shi. Maɗauran da suka riƙe bututun a ƙarƙashin dashbod an yi su yadda za su saki in an tura su gaba, su ƙi saki in an turo su baya. Can ƙasa kuma an sa gaɓoɓi biyu masu lanƙwasa ta kowace fuska, aka kuma kauce wa jera sandunan a layi guda, domin in goshin mota ya lotso, sashen ƙasa ya durƙusa kamar ƙafar raƙumi maimakon ya harbo sama. Wajibi ne mai karatu ya riƙe abu guda game da waɗannan dabaru duka: sau ɗaya suke aiki, kamar kan ashana. Sandar da ta taɓa shanye bugu ta gama aikinta na duniya.

Kuma ba ita kaɗai ke tsaron direba ba. Bel mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin ya fito da shi a 1959, shi ke riƙe jiki ya rage gudun da zai iso da shi. Jakar iska, wadda Mercedes-Benz ya fara sanyawa a tsakiyar sitiyarin manyan motocinsa a 1981, ita ke baza bugun a faɗin ƙirji da fuska. Sandar kuma ta ja da baya ta ba su fili. Ukun nan tamkar duwatsun murhu suke, in aka cire ɗaya tukunya ta tuntsure. Wanda bai ɗaura bel ba yakan iso ga jakar iska tun tana cikin fashewa, sai abin da aka yi don ceto ya koma abin rauni, kuma saboda haka ne masana ke horon a bar tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari.

Kayan da aka rataya mata

Da yake sandar ce mafi kusa da hannun direba, sai maƙera suka mai da ita maratayar kaya. A jikinta ake samun hannun sigina, da na wayifa, da na fitila, kuma ta cikinta wayar ham ke bi. Dattawanmu ba za su manta da Peugeot 404 da 504 ba, waɗanda muke kira Fijo, da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, waɗanda da yawansu giyarsu a jikin sandar sitiyari take, abin da ya ba da sarari a kujerar gaba. An kuma yi mata gaɓar da ke ba da damar ɗaga sitiyari ko sauke shi gwargwadon tsawon direba. A wasu motocin zamani har injin lantarkin da ke sauƙaƙa murɗawa a jikinta yake. Shi wannan taimako Chrysler ne ya fara sayar da shi a motar hawa a 1951 ta hanyar matsin mai, Suzuki kuma ya kawo na lantarki a 1988. A 'yan shekarun nan ma an fara ƙera motocin da waya da kwamfuta ke kai saƙo ga tayoyi: Infiniti Q50 ta 2013 ta yi haka amma ta ajiye sanda don ko-ta-kwana, Tesla Cybertruck ta 2023 kuwa ta rabu da ita ɗungum. Sai dai motocin da ke bin hanyoyinmu a yau, kusan dukansu da sanda suke tafiya, kuma haka za su daɗe.

Daga cikin kayan nan akwai ɗaya da ya wajaba a yi gargaɗi a kansa, shi ne makullin sitiyari, wato wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa cikin tsagar sandar in an zare makulli, ya hana ta juyawa. An yi shi ne don maganin ɓarayi, kuma Jamus ta Yamma ta wajabta shi tun 1961. To, akwai direbobin da in sun hau gangare sukan kashe inji don tsimin mai. Wanda ya yi haka ya raunana birkinsa, ya kuma mai da sitiyarinsa mai nauyi. In kuwa tsautsayi ya sa ya mai da makullin har ƙarshe ko ya zare shi, harshen nan zai faɗa mazauninsa a kwanar farko, mota ta zama ba mai iko da ita. Man da za a tsimta a gangare guda bai kai kuɗin likkafani ba, balle diyyar rai.

A garejinmu

Nijeriya ta gaji tuƙin hannun hagu daga Ingila, da motoci masu sitiyari a dama, har zuwa ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, lokacin da ta koma hannun dama don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Ghana ta bi baya a 1974. Dokar hanya ta yanzu ta hana hawa titi da mota mai sitiyari a dama, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunne a kan haka. Amma da yake tsofaffin motocin Ingila da Japan suna da araha, sai ake shigo da su, a kai gareji a mai da sitiyarin hagu. In an yi wannan aiki da cikakkun kayan da maƙerin motar ya yi don ɓangaren hagu, aka ɗaure kowane noti a mazauninsa, to, da sauƙi. Abin tsoro shi ne inda za a yanke sanda a ƙara mata guntun ƙarfe, a huda sabon rami a bango, a like maɗauri da walda. Wanda ya yi wa mahaɗar nan ta takobi da kube walda ya mai da sandar mashi kamar na kakanninta. Wanda kuma waldarsa ba ta kama ba, ya bar wurin da zai riƙa tsagewa a ɓoye, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da zai rabu ana cikin gudu.

Kada wani ya ce ai hannun gwani ba ya kuskure. Ranar 1 ga Mayu 1994, a filin tseren Imola na ƙasar Italiya, Ayrton Senna ɗan ƙasar Brazil, wanda ya ci kambun tseren motoci na duniya sau uku, ya saki hanya a kwanar Tamburello ya daki bango a gudun da ya haura kilomita 200 a awa, ya mutu yana da shekara 34. An tarar da sandar sitiyarin motarsa ta Williams a karye, daidai wurin da aka yanke ta aka ƙara wani siririn bututu da walda don a gyara masa zaman hannu. Injiniyoyi sun yi saɓani a kan ko karyewar ce ta jawo hatsarin ko hatsarin ne ya karya ta, amma bayan shari'a ta shekaru, kotun ƙoli ta Italiya ta bayyana a 2007 cewa karyewar sandar ce sababi. In har waldar da aka yi a ɗaya daga cikin manyan masana'antun tsere na duniya ta zama abin tuhuma a gaban alƙalai, ina ga wadda aka yi a gindin bishiya da wutar janareta?

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwanmu kanikawa, waɗanda na san da yawansu masu basira ne da tsoron Allah, da su riƙi sandar sitiyari a matsayin amana. Kada a cire sitiyari da dukan guduma a bakin sanda, domin dukan yana tsinke ƙusoshin robar nan ba tare da ido ya gani ba. Akwai abin zarewa da aka yi don wannan aiki. Kada a taɓa jakar iska sai an cire kan batir an ɗan dakata. In za a sayi sanda ta hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a auna tsawonta, a duba maɗauranta, a tabbata ba daga motar da ta yi karon gaba aka ciro ta ba. In mai mota ya matsa a yi masa walda don araha, a gaya masa gaskiya, in ya ƙi ji a bar masa aikinsa, domin araha ba ta ado, kuma fasinjojin da za su shiga motar ba a yi shawara da su ba.

Kai kuma mai mota, motarka tana yi maka magana kafin ta ci amanarka. In ka ji sitiyari yana wasa, kana kaɗa shi taya ba ta amsawa, ko ka ji ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin dashbod in ka taka gargada, ko ya riƙa yin tauri a wani wuri yana saki a wani, ko ka ja shi ka ji yana motsi sama da ƙasa, to, kada ka ɗaga zuwa gareji sai an yi albashi. Na sani wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma haƙiƙa ajali na hannun Allah, babu mai jayayya da wannan. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali bai kore riƙon sababi ba, kuma kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya. Wasu daga cikin mutanen da muka ambata a babin nan sun ƙarar da shekarunsu don su kawar da mashi daga gaban ƙirjinka, ba su san ka ba, ba su kuma nemi ladan kome a wurinka ba. Abin da ya rage naka ne: ka kai motarka a duba sandarta, ka hana a yi mata walda, ka ɗaura bel kafin ka tayar da inji, sannan ka yi addu'ar hawa ka kama hanya.